Kafin a Karyar da Tsohon Fam: Yadda Ake Canza Takardun Kuɗin da Aka Janye Daga Nesa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi wa masu karatu bayani a kan wata asara da ke cin mutanenmu a ɓoye, wato ta takardun kuɗin da ƙasar da ta buga su ta janye, alhali mai su yana zaune a wata ƙasa daban. Abin ya shafi ɗan kasuwar da ya adana fam ko dala a gida, da wanda ya dawo daga karatu ko jinya da ragowar guzuri, da magadan da suka buɗe akwatin mamaci suka tarar da kuɗin Turai, da kuma 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru masu riƙe da naira. Yawancinsu ɗayan biyu suke yi: ko su karyar wa ɗan canji da araha saboda an ce musu kuɗin sun mutu, ko su mayar da su ma'ajiya har wa'adin gaskiya ya wuce.

Tushen ruɗanin shi ne haɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba ne. Mai kanti ko ɗan canji ya ƙi karɓar takarda, wannan ra'ayinsa ne, doka ba ta ce haka ba. Babban banki ya janye takarda daga hada-hada, wannan na nufin daga ranar da ya yanka ba dole ba ne kowa ya karɓe ta a ciniki. Sai kuma ranar rufe ƙofa, wadda daga ita shi kansa babban bankin ba zai ƙara musanya takardar ba. Wannan ta ukun ce kaɗai ke kashe kuɗi, kuma akwai ƙasashen da ba su da ita sam. Don haka kafin a je wurin 'yan canji na Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja, a duba jikin takardar a ga wane banki ne ya buga ta, wane bugu ce, sannan a shiga shafin bankin na intanet a karanta abin da ya ce a kanta.

Zan fi daɗewa a kan fam na Ingila, domin a kansa aka fi yin asara ba gaira ba dalili. Bankin Ingila ya mayar da kuɗinsa daga na takarda zuwa na leda daki-daki. Fam 5 na takarda mai hoton Elizabeth Fry a baya ya daina aiki ranar 5 ga Mayu 2017. Fam 10 mai hoton Charles Darwin ya bi sahu ranar 1 ga Maris 2018. Fam 20 mai Adam Smith, da fam 50 mai mutum biyu, Matthew Boulton da James Watt, nasu wa'adin ya cika ranar 30 ga Satumba 2022. Ganewa ba wuya. Sababbin suna da santsi, sun ɗan fi tsofaffin ƙanƙanta, kuma suna da taga garai-garai wadda idan ka ɗora a tafin hannu za ka ga fatarka ta ciki. Kada hoton gaba ya ruɗi kowa: na leda masu hoton Sarauniya Elizabeth suna nan daram, ana kashe su tare da masu hoton Sarki Charles da suka fito ranar 5 ga Yuni 2024. Wanda duk ya ce maka na leda mai hoton Sarauniya ya tsufa, ragi yake nema.

Bankin Ingila ba ya sa wa takardunsa ranar mutuwa. Duk wadda ya taɓa bugawa, ko ta shekara hamsin ce, yana biyan abin da aka rubuta a jikinta cif-cif, ba ya cire la'ada. Wanda ya samu zuwa Landan zai iya kai su da kansa kantar bankin da ke titin Threadneedle a ranakun aiki, da fasfo a hannu da takardar da ke nuna adireshinsa. A yi sammako, don layi kan yi tsawo, kuma idan ya yi tsawo ana iya tsayar da shi kafin lokacin tashi. Wasu rassan gidan waya na Birtaniya, ba duka ba, suna canza har fam 300 ga mutum guda cikin shekara biyu idan ya nuna katin shaida mai hoto. Yawancin bankunan kasuwanci na can kuma suna barin mai asusu ya zuba tsofaffin takardu a asusunsa. Saboda haka idan kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma kana da ɗan'uwa amintacce mai asusu a can, hanyar da ta fi sauƙi ke nan.

Wanda ba shi da mai zuwa, akwai hanyar gidan waya, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Ana sauko da fom daga shafin bankin; na mutum ɗaya daban, na kamfani daban, kada a cika na kamfani da sunan mutum. A rubuta suna daidai yadda yake a fasfo, harafi da harafi, domin Muhammad a fom da Mohammed a fasfo ya isa ya jawo wasiƙar tambaya da jinkirin makonni. A lissafa takardun bisa darajarsu: fam 50 guda kaza, fam 20 guda kaza, jimla kaza. A haɗa da kwafin katin shaida mai hoto da kwafin shaidar adireshi. Wannan dole ne idan kuɗin sun kai fam 700, amma ina ba da shawara a saka ko ba su kai ba. Kwafi ake aikawa, kada kowa ya cusa fasfonsa na ainihi a ambulan. Shaidar adireshi ita ce matsalarmu a nan, don takardar kuɗin wuta sau tari da sunan mai gida take ko sunan mahaifi da ya daɗe da rasuwa. Mafita ita ce a je banki a karɓi takardar bayanin asusu ta kwanan nan mai ɗauke da suna da adireshi, sannan a kwafi wannan adireshin a fom ba ƙari ba ragi. Adireshin da za a aika wa kuwa a ɗauke shi daga jikin fom ɗin da aka sauko a ranar, kada a dogara da wanda wani ya turo a waya.

Sai batun yadda kuɗin za su dawo. Bankin ba ya aika tsabar kuɗi zuwa ƙasashen waje, a asusu yake biya, kuma da fam yake biya. Ke nan ana bukatar asusun kuɗin waje na fam takamaimai, don asusun dala bai wadatar ba. Kafin a cika wannan gurbi a je wurin ma'aikacin banki a ce ya rubuto bayanan karɓar fam daga waje: lambar SWIFT ta bankin (wadda ake gane shi da ita a tsakanin bankunan duniya), lambar asusu mai alƙaluma 10, da sunan bankin da ke wakiltarsu a Landan idan da shi. Najeriya ba ta cikin tsarin IBAN, wato lambar asusu ta ƙasa da ƙasa, don haka kada a ƙirƙiro lamba don kawai an ga gurbi. Idan aka ba da asusun naira, ko dai kuɗin su koma inda suka fito bayan an zaftare musu kuɗin hanya, ko bankinka ya juya su a farashin da ya ga dama. Ko an yi komai daidai, bankunan da kuɗin ke ratsawa suna ɗebe nasu kason. A kan fam 1,000 ba za a ji zafin wannan sosai ba. A kan fam 40 kuwa, idan aka haɗa da kuɗin aikawa, wahalar banza ce. Irin waɗannan 'yan ƙananan a jira mai tafiya.

Bankin ya faɗa ƙarara cewa duk abin da ya ɓace a hanya asarar mai aikawa ce. To, kafin a liƙe ambulan, a shimfiɗa takardun a kan tebur a ɗauki hoton kowacce gaba da baya, yadda lambar jikinta za ta karantu, a kuma rubuta lambobin a littafi. A sa kuɗin tsakanin kwali biyu don kada a ji su da yatsa ko a hango su a haske, a sa a ƙaramin ambulan, a sa ƙaramin cikin babba tare da fom. A aika da rajista mai lambar bibiya, kuma a tambayi ma'aikacin gidan waya baki da baki ko an yarda a aika takardun kuɗi, kuma ko inshorar ta shafe su. Manyan kamfanonin aika saƙo irin su DHL sun sa tsabar kuɗi cikin kayan da ba sa ɗauka. Wasu kan rubuta "takardu" a kan saƙon don ya wuce. Wanda ya yi haka ya sani cewa idan saƙon ya salwanta, diyyar takardu zai samu, idan ma ya samu. Idan kuɗin da yawa, a fara aika kaɗan a ga sun faɗa asusu, a tabbatar bayanan daidai suke, sannan a bi da sauran.

Ba kowane fam ne na Bankin Ingila ba. A karanta sunan da ke saman takardar. Idan aka ga Bank of Scotland, Royal Bank of Scotland ko Clydesdale Bank, ta Sikotlan ce. Idan Ulster Bank, Danske Bank ko Bank of Ireland ne, ta Ailan ta Arewa ce. Bankin da ya buga kowacce shi ke da alhakin fansar ta, Bankin Ingila ba zai karɓa ba. Haka ma ba ya karɓar sulalla, har da tsohon fam 1 mai da'ira da aka janye ranar 15 ga Oktoba 2017. Wannan sai a asusun wani a bankin can.

Idan ta hannun matafiyi za a aika, akwai dokar kwastam. Mai fita ko shiga Najeriya da abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinta dole ya bayyana. Mai shiga Birtaniya da fam 10,000 ko fiye haka ma. A Tarayyar Turai iyakar yuro 10,000 ce, kuma tun Yunin 2021 dokarsu ta ce takardun da aka janye amma har yanzu babban banki na musanyawa, su ma kuɗi ne, a cikin lissafi suke. Kada wani ya ce ai tsofaffi ne ba sai an faɗa ba. Bayyanawa ba haraji ba ce, fom ne kawai; ɓoyewa ce ke sa a ƙwace. Matafiyin kuma ya haɗa da nasa guzurin cikin lissafi, domin abin da ke jikinsa gaba ɗaya ake ƙirgawa. Mai kuɗin ya ba shi wasiƙa mai sa hannu da ke nuna sunansa, adadin, da inda kuɗin suka fito, tare da kwafin katin shaidarsa. Bankunan can suna tambayar asalin kuɗi saboda dokar hana halasta kuɗin haram, kuma "na wani ne ya ba ni" ba amsa ba ce a wurinsu. Rasit na canji, takardar albashi ta lokacin da aka yi aiki a can, ko bayanin asusun da aka ciro su, duk suna taimakawa. Idan na gado ne, a haɗa da shaidar rasuwa da takardar kotun da ta raba gadon. A nan zan ja hankalin masu rabon gado: kada a ƙiyasta tsohon fam a matsayin takardar banza a bar wa wanda ya tsinta, haƙƙin marayu ne da darajarsa cikakkiya.

Ban ce ɗan canjin da ya yi ragi azzalumi ba ne. Shi ma sai ya tara su, ya nemi mai kaiwa, ya jira, ya ɗauki kasadar jabu da ta hanya, kuma jarinsa a ɗaure yake duk tsawon lokacin. Ragi kaɗan haƙƙin wahalarsa ne. Abin da ba daidai ba shi ne a ce wa mutum kuɗinsa sun mutu don a saye su a wulaƙance. Mai fam 1,000 da ya yarda da ragin kashi 30 cikin 100 ya bar fam 300 a kan tebur, kuma wanda ya saya zai karɓi dubun nan cif a Landan. Wanda ya san haka zai yi ciniki da ƙarfinsa, ya zaga wurin mutum uku ko huɗu kafin ya sallama. Akwai kuma ɓangaren shari'a da ya kamata a tambayi malamai: a wurin malamai da dama na wannan zamani kowane kuɗin ƙasa jinsi ne guda, don haka ba da tsohon fam 50 a karɓi sabon fam 40 yana shiga babin riba, saɓanin sayar da shi da naira hannu da hannu a farashin da aka daidaita.

Dala kuwa ba a taɓa janye ta ba. Gwamnatin Amurka ta ce duk takardar dalar da ta buga tana nan da darajarta, ko wace shekara ce. Dala 100 mai shuɗin zare a tsakiya ta fito ranar 8 ga Oktoba 2013. Wadda ta gabace ta mai babban kai ta 1996 ce. Kafin ita akwai mai ƙaramin kai. Duk ukun dala 100 ne a kowane banki a Amurka. Ragin da ake yi musu a kasuwanninmu ya samo asali ne daga tsoron jabu, don tsofaffin ba su da alamomin tsaro irin na sabuwar, da kuma yadda masu karɓa a Dubai da Sin suke zaɓe. Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna a 2021 da su riƙa karɓar tsofaffin daloli da ƙananan takardu daga masu asusu, ya kuma maimaita umarnin a 2024. Mai asusun dala ya fara kai su bankinsa. Idan aka ƙi karɓa ba tare da an nuna wani aibi a jikin takardar ba, ya nemi a rubuta masa dalili, ya kai ƙorafi. A kuma daina barin ana buga wa dala hatimi ko ana rubutu a kanta, don wannan ma dalilin ƙi ne a wurare da yawa.

A Turai sai an bi ƙasa-ƙasa. Yuro bugun farko na 2002 yana aiki, haka ma takardar yuro 500, wadda aka daina fitarwa a 2019 amma ba a soke ta ba, sai dai kantuna ba sa son ta, banki za a kai. Kuɗaɗen da yuro ya gada ne suka rabu. Babban bankin Jamus yana karɓar mak har gobe, ba wa'adi ba la'ada, a kan mak 1.95583 kowane yuro, wato mak 100 ya ba da yuro 51 da 'yan kai, kuma ana iya aikawa ta gidan waya zuwa reshensa na Mainz. Bugun ƙarshe na gilda ta Holan yana da sauran lokaci zuwa 1 ga Janairu 2032. Amma faran na Faransa ya rufe tun 17 ga Fabrairu 2012, lira ta Italiya a ƙarshen 2011, feseta ta Sifen ranar 30 ga Yuni 2021, eskudo na Fotugal a Fabrairun 2022. Waɗannan sai masu tara kayan tarihi. Suwizalan ta janye bugunta na takwas ranar 30 ga Afrilu 2021, amma babban bankinta yana musanya shi ba iyaka.

Masu zuwa Indiya jinya su yi hattara, don can ba a jira. Daren 8 ga Nuwamba 2016 aka soke rufi 500 da rufi 1,000 cikin 'yan sa'o'i. 'Yan ƙasar mazauna waje an ba su zuwa 30 ga Yuni 2017, shi ma sai mutum ya je da kansa, kuma abin da zai shigo da shi bai wuce rufi 25,000 ba. Baƙon da ya koma gida da su ba a buɗe masa wata ƙofa ba. A Mayun 2023 kuma aka janye rufi 2,000. Bankunan kasuwanci sun daina karɓa bayan 7 ga Oktoba na shekarar, yanzu sai ofisoshi 19 na babban bankinsu. Kenya ma ta kashe tsohuwar shilin 1,000 daga 1 ga Oktoba 2019. Kuɗin irin waɗannan ƙasashe ba na ajiya ba ne. A kashe su ko a juya su kafin a hau jirgi.

Sefa ta fi kusa da mu, kuma iri biyu ce duk da darajarsu ɗaya, 655.957 kowane yuro. Ta Nijar da Benin da sauran ƙasashe shida na yamma babban bankinsu, BCEAO, ke bugawa. Ta Kamaru da Chadi da sauran ƙasashe huɗu na tsakiya babban bankinsu, BEAC, ke bugawa. Ɗaya ba ya fansar takardar ɗaya, don haka wanda ya kai sefar Garwa reshen BCEAO na Maraɗi ko Damagaram ya yi tafiyar banza. Tun Agustan 1993 kuma bankunan biyu suka daina sayen takardunsu da aka fitar wajen yankin, shi ya sa sefa ba ta da hanyar komawa gida sai a aljihun matafiyi. BCEAO ya janye bugun 1992 a ƙarshen 2004, ya ƙara 'yan makonni a farkon 2005, ya rufe. BEAC ya soke nasa bugun 1992 daga 1 ga Maris 2023: wata uku a bankunan kasuwanci, sannan a rassansa kaɗai zuwa 31 ga Mayu 2024. Duk sanarwar da Faransanci aka fi yin ta, a cikin ƙasashen. Mai sayar da shanu a Mubi ko Maiduguri da ya ɗaure sefa a gida, ta ina zai ji? A Sudan ma, da aka fara sauya fam 500 da fam 1,000 a Disambar 2024 ana tsakiyar yaƙi, sharaɗin shi ne a zuba tsofaffin a asusun banki a jihohin da aikin ya shafa, abin da ya fi ƙarfin wanda ke gudun hijira a Chadi ko Masar.

Wata asarar kuma ma'ajiya ce ke jawo ta. Gara da danshin damina suna cin kuɗin takarda. Robar ɗauri idan ta daɗe a zafi takan narke ta manne. Na leda kuma ba sa jure wuta, dutsen guga na taɓa su sun tattare. Idan ɓarnar ta riga ta auku, kada a wanke, kada a liƙa da salatef, kada a yi ƙoƙarin ɓamɓare waɗanda suka manne. A zuba komai, har ɓurɓushin, cikin leda mai tsabta yadda aka same shi. Bankin Ingila yana da fom daban na takardun da suka lalace, kuma a ƙa'ida yana son a kawo aƙalla rabin takardar. Ofishin buga kuɗi na Amurka da ke Washinton yana biyan cikakkiyar daraja idan fiye da rabin takardar yana nan ana gane shi, sai dai aikin kan ɗauki watanni masu yawa.

Yanzu ga namu. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, yana cewa daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Sababbin sun fito 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki 31 ga Janairu 2023, wato kimanin mako bakwai. Daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kowa ya tuna layin bankuna da yadda aka riƙa sayen naira da naira. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin su ci gaba da aiki zuwa 31 ga Disamba, sannan ranar 29 ga Nuwamba 2023 ta cire wa'adin baki ɗaya. Wannan shi ne matsayin doka: tsoho da sabo duk halal ne. Jita-jitar sabon wa'adi da ta taso a 2024 bankin da kansa ya ƙaryata ta. Mai tsofaffin naira a Konni ko Diffa ko Kusiri kada ya karyar.

Amma a duba wanda aka manta da shi a duk wannan tsarin. Naira tana ciniki a kasuwannin kan iyaka na Nijar da Chadi da Kamaru da Benin kamar a gida. Masu riƙe da ita a can yawancinsu ba su da asusu a Najeriya, ba su da lambar BVN, kuma hanyar da aka buɗe ita ce a zuba a asusu. Da wa'adin 31 ga Disamba 2023 ya tabbata, da ya riski iyakar Najeriya da Nijar a rufe, don an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Irin haka ta faru a Afrilun 1984, lokacin da aka sauya launin naira cikin kwanaki kaɗan iyakoki na garƙame. Alhali sashe na 20, ƙaramin sashe na 3, na dokar Babban Bankin ta 2007 ya ce takardar da aka janye ta daina zama kuɗin ciniki idan wa'adi ya cika, amma bankin zai fanshe ta duk lokacin da aka kawo masa. Haƙƙin yana rubuce. Hanyar karɓarsa ce babu ga wanda ke waje.

Tunda ko ba daɗe ko ba jima za a sake janye wasu takardun, ina kira ga Babban Bankin da ya fitar da ƙa'ida tun yanzu, a rubuce, kafin ranar ta zo. Ta fayyace cewa ranar daina ciniki daban take da fansa a rassansa, kuma fansar ba ta da wa'adi kamar yadda doka ta tanada. Ta ba wanda ba shi da asusu damar musanya wani adadi da aka ƙayyade da fasfo ko katin shaidar ƙasarsa a rassan Sakkwato da Katsina da Dutse da Damaturu da Maiduguri da Yola da Birnin Kebbi, waɗanda su ne mafi kusa da iyaka. Ta amince da wakili mai ɗauke da wasiƙar izini ga wanda ba zai iya zuwa ba. A kuma ba ofisoshin jakadancinmu na Yamai da Njamena da Yawunde da Jidda sanarwar da Hausa da Faransanci da Larabci a ranar da aka fitar da ita a Abuja. Ku kuma 'yan jarida, ina roƙon duk lokacin da wata ƙasa da mutanenmu ke hulɗa da ita ta sanar da janye kuɗi, ku buga hoton takardar gaba da baya, ku rubuta ranakun biyu daban-daban, ta daina ciniki da ta rufe musanya, tare da wurin da ake kaiwa da takardun da ake nema.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Mai karanta jaridarku,
Fagge, Kano